Ƙafafun Sifika a Shingen Bakin Gada

A shekarun da bama-bamai ke tashi a garuruwan arewa, ina aikin malamin gona a wani ƙauye da ke ɓangaren Miga, iyalina kuma suna cikin Haɗeja. Can nake kwana a ranakun aiki, in ƙarshen mako ya zo in hau babur ɗina in taho gida. Lokaci ne da kowa ke tafiya a tsorace. In taya ta fashe a bakin kasuwa, sai ka ga mutane sun watse, kowa ya bar kayansa. In aka ga jaka a ajiye babu mai ita, ba wanda zai kusance ta. Ranar Juma'a ana laluben mu a ƙofar masallaci, ranar Lahadi ana laluben maƙwabtanmu Kirista a ƙofar coci. A kowace mashigar gari akwai shingen jami'an tsaro, kuma doka ce mai babur ya sauka tun daga nesa, ya turo abinsa har ya wuce.

A cikin wannan hali ne na sa kaina aikin yi wa sifikokina ƙafafu.

Gidan da muke haya a gangare yake, ta wajen fadama. Ko ruwa bai shigo ba, da damina ta yi nisa sanyi yake tasowa daga ƙasa, simintin ɗaki ya riƙa gumi, tabarma ta yi warin laima. Ina da sifika biyu da na saya na hannu tun ina saurayi, tare da amfilifaya. Ba ni da wani abin jin daɗi da ya wuce su. Da safe in sa karatu a hankali, da yamma in sa tsofaffin waƙoƙin kalangu da waƙoƙin goge da na tara, in zauna in miƙe ƙafa. A ƙasa suke zaune, kowace a kusurwarta. A daminar wannan shekarar na ɗaga ɗaya don matata ta share ƙarƙashinta, sai na ga gindin ya kumbura ya fara ruɓewa, har yana marmashewa a hannuna.

Maƙwabcinmu na jikin katanga mutumin Filato ne, malamin sakandare, kowa a layin Tica yake ce masa. Shi ke kula da kayan sauti a cocinsu. Ya shigo wata yamma ya tarar ina jujjuya sifikar, ya tsuguna ya duba.

Ya ce, "Malam, kashe kayan nan kake yi. Sifika ba ta zama a ƙasa, ko da babu laima. Rabin sautin ƙarƙashin kujera yake tafiya."

Na ce, "To ina zan ɗora su, Tica? Teburin ɗaya ne, talabijin ta cinye shi."

Ya ce in yi musu ƙafafu. Muka fita tsakar gida, ya tsinci kara ya zana mini a ƙasa: faffaɗan katako a gindi, dogon akwati siriri a tsaye kamar ginshiƙi, sai ɗan faifan katako a sama inda sifikar za ta zauna. Tsawon ya zama in ka zauna a kujera fuskar sifikar tana daidai kunnenka. Cikin ginshiƙin kuwa, ya ce, kada in bar shi fanko.

"In ka bar shi babu komai a ciki, ganga ka yi. Zai riƙa ruri yana ɓata maka sauti. Ka cika shi da busasshen yashi ka toshe. Ga nauyi kuma, yara ba za su ture shi ba."

Abin ya shiga raina. A gida babu fili, kuma yara ba za su bar ƙusa a inda aka ajiye ta ba, don haka na yi aikin a ƙauyen da nake kwana, a bayan siton da muke ajiye takin zamani, ƙarƙashin wata darbejiya. Na sayi jan katako, kafintan ƙauyen ya tsaga mini shi gwargwadon awon da na ba shi, ya ara mini zarto da guduma. Sauran ni na yi da hannuna, kullum bayan la'asar in na dawo daga gonaki. Ban taɓa haɗa ko benci ba kafin nan. Akwatin farko da na haɗa, kusurwoyinsa suka ƙi haɗuwa, ana hango haske ta tsakaninsu. Na ɓamɓare na goge bakin na sake. Na buge babban yatsana har farcen ya yi baƙi. Amma a hankali hannuna ya faɗa, har na fara yi wa aikin ƙari na kaina. Ba na son ganin waya tana reto a bayan sifika, sai na huda sama da ƙasa, na zura siririn tiyo ta cikin ginshiƙin, na bi da wayar ta cikinsa, ja da baƙa, na bar jela a kowane gefe don haɗawa.

Lokacin ruwa ya fara janyewa, an shiga yankan shinkafa. Na je bakin kogi na ɗebo yashi mai laushi, na tankaɗe shi da rariya, na shanya a kan buhuna har ya bushe ƙayau. Na riƙa zubawa ina bubbuga gefen katakon don ya zauna. Da ya cika na shafa gam, na ɗora murfi, na bi shi da ƙusoshi kusa da kusa don kada ko ƙwayar yashi ta zubo wa matata a ɗaki. Na goge da samfefa, na shafa man sheƙi. Da suka bushe na tsayar da su biyun a jikin darbejiyar na ja da baya ina kallo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina.

Ranar da zan taho da su, abin da ya dame ni kawai kada robar ɗauri ta karce shafen. Buhunan taki da aka juye suna nan jibge a sito. Na ɗauki biyu, na zura kowace ƙafa a cikin buhu, na ɗaure su a bayan babur. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Duk tsawon hanya lissafin waƙar da zan fara sawa nake yi.

Na iso bakin gada rana ta take, ga shi ranar kasuwa ce. Layin masu babura ya yi tsawo, wasu da buhunan shinkafa, wasu da kwalayen bandar kifi, kowa ya sauka yana turawa. Na sauka na bi layi. Da aka zo kaina, wani matashin jami'i ya ɗan bugi buhun da sandar da ke hannunsa. Ƙarar da ta fito ba irin ta hatsi ba ce, ba kuma irin ta katako zalla ba.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙafafun sifika ne, yallaɓai."

Hausarsa ba ta nuna ba, na ga alamar bai gane ba. Ya ce, "Buɗe."

Na riƙe babur da hannu ɗaya, na kwance bakin buhun da ɗayan. Abin da ya fara zubowa fararen ƙwayoyin taki ne da suka maƙale a ɗinkin buhun. Suka watsu a kan kwalta. Sai jelar wayar ta zazzago, ja da baƙa, tana lilo daga jikin akwatin da aka toshe ta ko'ina.

A fuskarsa na fara ganin abin da na ɗauko. Kowa ya sha ji a rediyo cewa da taki ake haɗa wasu bama-baman, har an taɓa taƙaita sayar da shi a wasu wurare, ni da nake raba shi na fi kowa sani. Amma sai a wannan lokacin na kalli kayana da idon wani. Idanunsa suka fito. Ya ja da baya da sauri har ya yi tuntuɓe, ya saki sandar, ya ɗago bindiga. Na ji ƙarar ɗana ta.

"Ɗaga hannu! Ɗaga hannu!"

Wani daga bayana ya ƙwala ihu ya ce bam. Ban juya ba, amma na ji babura suna faɗuwa, na ji gudun mutane, na ji wata mata tana kiran sunan ɗanta. Ni kuwa hannuna ɗaya yana kan babur. In na saki zai faɗi da kayan, in ya faɗi ban san abin da yatsan mutumin nan zai yi ba. In ban saki ba, ban ɗaga hannu ba ke nan.

Na ce, "Yallaɓai, in na saki faɗuwa zai yi. Bari in kafe shi."

Ban san ko ya ji ba. Bakin bindigar yana rawa, yana nuna ƙirjina, yana nuna fuskata. Na sa ƙafa a hankali na laluba har na kafe babur ɗin, na ɗaga hannuwana. Ya nuna mini ƙasa. Na kwanta rub da ciki a tsakiyar titi.

Kwalta ta ɗauki rana tun safe. Ta cikin riga take ƙona ni, kumatuna kuwa kai tsaye yake a kanta. Ban iya ɗagawa ba. Abin da nake gani kawai tayar babur ɗina, da takalmi wari ɗaya da wani ya bari, da bandar kifi da ta zube daga kwali. Wurin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya yi tsit. Na fara kalmar shahada a zuci. Na tuna ƙaramar 'yata da ta fara tafiya a makon da ya wuce ba na nan.

Sai wayar da ke aljihun gaban rigata ta fara ƙara.

Har yau ba na son jin irin wannan kiɗan a wayar wani. A lokacin kowa ya san ana cewa da kiran waya ake tayar da abin. Na ji an yi kururuwa daga nesa, na ji takalma suna ƙara ja da baya, na ji muryar matashin tana hawa sama yana faɗin abin da ban fahimta ba. Wayar tana ƙarƙashin ƙirjina, tana kaɗawa a jikin ƙashina. Ba halin in sa hannu in kashe ta. Na runtse ido ina jiran harsashi, ina tunanin ta ina zai shiga, ta baya ko ta ka. Ta yi ta yi har ta gaji ta tsaya. Ban gama sauke numfashi ba ta sake ɗauka.

A cikin wannan ƙarar ce wata murya ta daban ta taso, ta babban mutum, da Hausa sosai. Shugabansu ne, yana bayan buhunan yashin da suka jera a gefen titi. Ya daka wa matashin tsawa da Turanci, sannan ya yi magana da ni.

"Kai mai babur. Kada ka motsa. Kana ji na?"

Na ce ina ji.

"Wane ne kai?"

Na faɗi sunana da aikina da unguwarmu. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Mene ne a cikin akwatunan?"

"Yashi ne, ranka ya daɗe."

Sannan ya ce, "Yashi. Daga ina?"

"Daga wajen Miga."

"Mutum ya ɗauko yashi tun daga Miga, ya toshe shi a akwati, ya kawo Haɗeja. An ce maka babu yashi a Haɗeja?"

Ni kaina da na ji tambayar sai na ji ba zan yarda da mai wannan amsar ba. Ya tambayi takin, na ce malamin gona ne ni, buhunan banza ne na naɗe kayan da su. Ya tambayi wayar, na ce ta sifika ce. Ya ce ina sifikar, na ce tana gida. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma kowace amsa tana ƙara dagula lamarin. Ya tambaya wa ya koya mini haɗa irin wannan. Sunan Tica ya zo har bakina. Sai na hango ana zuwa ƙofar gidansa da mota, shi baƙo a gari, a irin wannan lokaci, matarsa da yaransa suna kallo. Na ce ni na ƙirƙiro abina.

Mutanen da suka gudu ba su tafi ba. Sun taru can baya, inda suke ganin sun tsira, kuma suna ƙaruwa. Na fara jin guna-guninsu kamar ruwa na tahowa. A ciki na tsinci muryar wani dattijo, manomin shinkafa da na sha zuwa gonarsa duba tsutsa.

Yana cewa, "Jama'a, na san mutumin nan! Malamin gonarmu ne. Wallahi na san shi."

Wani ya amsa masa, "Baba, yanzu wa ya san wani? Waɗanda suke yi ba su da 'yan uwa ne?"

Dutse ya faɗo kusa da ƙafata ya gangara. Wani ya biyo baya ya bugi tankin babur. Na ji wani ya ce a ba su shi kawai, wani ya ambaci fetur. Daga nan tsoron bindiga ya koma baya. Bindiga aƙalla mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, kuma akwai mai tsawata masa. Na taɓa ganin abin da taro ya yi wa wani da aka kira ɓarawo a tasha, ban kuma manta ba. Na fara roƙon Allah a zuciyata, in mutuwar ce, ta zo daga gaba, kada ta zo daga baya.

Shugaban ya tura biyu daga mutanensa suka tsaya tsakanina da taron. Sannan ya ce, "Malam, ga yadda za a yi. Kai ka haɗa, kai za ka buɗe. Tashi a hankali. Cire rigarka ka yar da ita da wayar a ciki. Ka kwance kayan ka gangara da su ƙasan titi, can cikin gonar da aka yanke. In ka yi gudu, ko ka juyo wajenmu da su, ba zan iya hana kowa komai ba."

Na tashi da ƙyar. Na tuɓe rigar a gaban jama'ar gari, na tsaya daga ni sai singileti. Robar da na ɗaure da hannuna da safe ta ƙi kwantuwa, sai da na sha fama kafin ta saki. Na rungumi ƙafa ɗaya na gangara da ita, ina jin nauyin da Tica ya yaba, ina taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwai don kada in zame. Na dawo na ɗauki ta biyu. Aka karɓo ƙarfen ɓamɓare taya daga wajen wani mai faci, aka wurgo mini daga nesa.

Na durƙusa a cikin kututturen shinkafa, ƙasar tana da sauran danshi. Na nemi inda zan sa bakin ƙarfen na rasa. Na toshe murfin nan da kyau, gam ya kama, ƙusoshi kusa da kusa. Sai wani tunani ya zo mini wanda ya sa gumi ya karyo mini: in katakon nan ya tsage zai yi ƙara, kuma akwai bindigogi a saitina a hannun mutanen da ke jiran ƙara.

Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe! Zai yi ƙara. Katako ne zai tsage. Don Allah a gaya musu."

Ya ce, "Na ji." Na ji yana maimaita musu da Turanci, a hankali, har sau biyu.

Na sami dutse na buga ƙarfen ya shiga tsakanin murfin da jikin. Na danna. Ya zame ya yanke ni a tafin hannu, ban ma ji zafin ba sai jini da na gani a kan shafen. Na sake sawa na hau da dukkan nauyina. Katakon ya yi kuka, sannan ya tsage da ƙara kamar an karya busasshen reshe. Na sunkuyar da kai na ƙame.

Ba abin da ya biyo baya. Na ɗago, na kama gindin na kifar da shi. Yashi ya kwararo, fari, mai laushi, ya taru a gabana. Na girgiza har ya ƙare, na juya bakin akwatin wajensu don su ga cikinsa. Aka ce in zare wayar da tiyon, na zare na ɗaga sama. Aka ce saura ɗayan. Shi ma na hau shi, amma hannuna ya riga ya mutu, ƙarfen ya shiga a karkace, gefe guda ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Sai a lokacin shugaban ya gangaro. Mutum ne mai furfura a gefen kai, ya girme ni. Ya tona yashin da takalminsa, ya ɗebi kaɗan ya murza, ya sansana. Ya leƙa cikin akwatunan. Ya sa aka kawo rigata ya duba katin aikina. Ya miƙo mini katin.

Ya ce, "Malam, kai da iliminka. Taki, da waya, da akwati a toshe, ranar kasuwa."

Na ce, "Wallahi ban kawo a raina ba."

Ya nuna matashin da haɓa, ga shi can sama a zaune a kan buhu, ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Wancan da ka gani, a wani gari a gabansa bam ya tashi da abokan aikinsa. Ban san abin da ya riƙe yatsansa yau ba. Je ka gode wa Allah. Kwashe katakonka."

Na kwashe na ɗaure yadda ya samu, buhunan kuwa na bar su a nan. Na hau babur na taka ya ƙi tashi, don ƙafata ba ta da ƙarfin takawa. Dattijon nan manomi ne ya ratso ya zo. Ya ba ni ruwa a buta na sha na zuba a hannu, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini ciwon. Ya kama babur ɗin ta baya muka tura tare. Dole ta cikin taron za mu bi. Suka dare mana hanya. Wasu suna dariya, wasu suna cewa Allah ya kiyaye gaba, wasu sun kawar da kai. Ina ta kallon hannuwansu, ban san wanda ya yi jifan ba.

Da na isa layinmu na tarar babu kowa a waje, ƙofar gidana a kulle ta ciki. Na buga, matata ta tambaya wane ne kafin ta buɗe. Ta jawo ni ciki tana cewa, "Malam, ina ta kiran ka ba ka ɗauka! An ce an kama mai bam a bakin gada, na ce kada ka biyo ta nan." Ashe kira biyun farko kifi za ta ce in taho da shi, sauran kiran da ta yi lokacin da wayar take cikin rigar a yashe, na gargaɗi ne. Sai ta lura da kumatuna da kwalta ta ƙona, da hannuna, da fasasshen katakon a bayan babur. Ta dube su ta dube ni. Ta zauna a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Tica ya shigo da ya ji motsina. Su ma sun kulle ƙofa, matarsa har ta fara haɗa kaya a jaka, don ba wanda ya san inda irin wannan labari zai juya kafin yamma. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ɗauki ƙafar da ta tsage yana shafa tsagar da yatsa.

Ya ce, "Ni na ce ka zuba yashi."

Na ce, "Kai ka ce in naɗe a buhun taki?"

Ya tambaya ko sun nemi sanin wanda ya koya mini. Na ce sun tambaya, na ce ni kaɗai ne. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da shafa katakon.

Katakon ya daɗe a jingine a bayan ɗaki ban taɓa shi ba. Na yi zazzaɓi na kwana biyu. Bayan na warke, in zan tafi aiki sai in zaga ta wata doguwar hanya don kada in bi ta gadar. Tica ne ya gaji da ganinsu a yashe, wata Asabar ya zo da gam da ƙarfen matse katako, muka haɗa tsagar, muka ɗora mata siririn katako ta baya inda ba a gani. Yashin kuwa daga tulin masu gini a bakin layi muka roƙo. Muka ɗora sifikokin, na zauna a kujera, ya kunna. Gaskiyarsa ce, sautin ya fito fes, har ina jin numfashin mai waƙar tsakanin baiti da baiti. Amma da kalangu ya buga da ƙarfi sai na zabura, na ce ya rage.

Bayan 'yan watanni babur ɗina ya lalace, na shiga motar haya zuwa wajen aiki. Muna cikin tafiya hira ta gangaro kan halin da ake ciki, wani fasinja a gaba ya ce ai Haɗeja ma Allah ne ya tsare. Ya ce shi yana wurin, da idonsa ya gani: an kama wani da bama-bamai biyu a buhun taki a bakin gada, an kwance su a gona, mutumin kuma an wuce da shi, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wata mata ta ce Allah ya ƙara tona asirinsu. Mota ta amsa da amin. Na kusa da ni ya juyo ya ce, "Malam, kai ba ka ji labarin ba?"

Na dubi mutanen da ke cikin motar, ban san ko ɗaya ba, ga daji hagu da dama. Na juya tafin hannuna mai tabo na kife shi a kan gwiwa.

Na ce, "Na ji."